Yadda nake karanta takardar binciken 'yan sanda kafin mu shiga kotu a Jidda

Aikina tafinta ne a ofishin lauya, kuma yawancin 'yan uwanmu Hausawa da ke zuwa kan tuhumar ƙwaya ko makami magana ɗaya suke fara yi: "Wallahi ba nawa ba ne." Alƙali ya ji wannan sau dubu. Abin da muke fara nema shi ne mahdar, takardar da jami'in ya rubuta yadda aka yi binciken.

Agogo nake fara dubawa. Dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya, ta shekarar 1435 Hijira, ta ce a sashe na 42 ba a shiga gidan da mutane ke zaune sai da umarni mai ɗauke da dalili daga Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara. Sai in jera lokacin da aka sa wa umarnin hannu da lokacin da aka shiga gidan. In an shiga da ƙarfe huɗu, umarni ya fito da ƙarfe shida, mun sami abin riƙewa. Umarnin da ya wuce kwana 7 ba a zartar ba ya mutu. Sashe na 52 kuma ya keɓe bincike da rana, daga fitowarta zuwa faɗuwarta, sai dai in an fara da rana aka zarce, ko an kama mutum dumu-dumu cikin laifi.

Wannan "dumu-dumu", wato talabbus, nan ne ake fafatawa, domin da shi ake cike gurbin umarnin da babu. Mukan tambaya: me jami'in ya gani da idonsa kafin ya sa hannu a aljihu? Rawar jiki a shingen bincike ba laifi ba ne, baƙo mai matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ma yana yinta.

Sai iyakar binciken. Sashe na 46 ya yarda a ƙwace haramtaccen abin da aka ci karo da shi. Wanda ke neman ƙwayar Captagon ya buɗe durowa ya ga bindiga, wannan ya zauna. Amma mai neman doguwar bindiga me ya kai shi buɗe ƙaramin gwangwanin man shafawa? Muna kuma duba ko maigida, ko wani baligi cikin iyalinsa, ko umda, wato mai unguwa, ko shaidu biyu sun halarta, ko mace ce ta caje mace, da ko nauyin da aka rubuta a wurin ya dace da na ɗakin gwaji.

Duk wannan ana rataye shi ne a sashe na 187, wanda ya ɓata duk matakin da ya saɓa wa Shari'a da dokokin da aka ciro daga gare ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sa hannu. Mutum ya dangwala yatsa a iƙirarin da aka rubuta da Larabcin da bai iya karantawa ba, alƙali ya jingina hukunci a kansa, aibin binciken ya tashi a banza. Ɗan'uwa, kada ka yi kokawa da jami'i, amma ka nemi tafinta, ka nemi lauya, sashe na 4 ya ba ka damar ɗaukar lauya tun a matakin bincike. In hukunci ya fito, kwana 30 ne na ɗaukaka ƙara, kuma iyalai da yawa sai a sati na biyar suke ƙwanƙwasa mana ƙofa.