Sau biyu na je Hermanus kafin na ga kifin whale

A shekarata ta farko ina karatu a Cape Town, a Afirka ta Kudu, na tafka wautar da har yau abokaina ke tsokanata da ita. Watan Fabrairu ne, gari ya yi zafi, sama garau, na ce yau ce ranar zuwa Hermanus kallon kifin whale, ƙaton kifin nan na teku. Garin na bakin teku, kimanin kilomita 120 daga Cape Town, kuma ya yi suna ne saboda kana tsaye a tudu za ka ga kifin, ba sai ka shiga jirgin ruwa ba. Na wuni a kan duwatsu ina zare ido, ban ga komai ba sai ruwa da tsuntsaye. Da la'asar wata dattijuwa mai sayar da shayi ta tambaye ni me nake jira. Da na faɗa mata sai ta yi dariya ta ce in dawo bayan wata shida.

Ashe kifin ya tafi cin rani. A Afirka ta Kudu yanayi a juye yake: Disamba zuwa Fabrairu zafi, Yuni zuwa Agusta sanyi, a yankin Cape har da ruwan sama. Lokacin zafi nau'in da ke zuwa Hermanus yana can kudu cikin ruwa mai sanyi ta wajen Antatika, yana kiwon ƙananan halittu masu kama da jatan lande, yana tara kitse. Sai wajen Yuni yake gangarowa lungunan teku masu kwanciyar ruwa irin Walker Bay da ke gaban Hermanus, domin barbara da haihuwa. Satumba da Oktoba sun fi yawa, kafin Disamba galibi sun juya. Kifi muke ce masa don ba mu da wani suna, amma haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa, kuma da huhu yake numfashi.

Karo na biyu Umma ce za ta kawo mini ziyara, don haka na fara da kalandar kifin, sannan na nemi biza da tikiti. Na zaɓi tsakiyar Satumba, ranakun aiki, don in kauce wa bikin whale da garin ke yi wajen ƙarshen watan, lokacin da masauki ke wuya da tsada. Kwana uku na kama, ba ɗaya ba. Wannan ce dabarar da ta fisshe mu, domin ranar farko iska ta taso, teku ya cika da farin kumfa, ko kifin ya fesa ruwa ba za ka bambance ba. Jiragen ma ba su fita ba. Umma ta ƙudundune cikin mayafi biyu ta ce, "Kai yanzu wannan sanyin ka kawo ni in sha?"

Washegari bayan asuba iska ta kwanta. Akwai hanyar ƙafa da ta bi bakin duwatsun, tsawonta kusan kilomita 12, amma gwiwar Umma ba ta wannan ba ce, sai muka zauna a Gearing's Point, sama da tsohuwar tashar jiragen kamun kifi. Can muka ji ƙaho. Garin na da mai shela na musamman, yana yawo da ƙahon da aka yi da busasshen tsiron teku, in ya hango kifi sai ya busa.

Sai ga shi. Feshin ruwa biyu ya tashi sama kamar yatsu biyu a buɗe, alamar wannan nau'in ke nan. Baƙin baya ya ɓullo, sumul, ba ƙaya ko ɗaya, kai kuma da farare-fararen ƙulluttai kamar an yaɓa masa siminti. Uwa ce, tsawonta ya fi na babbar motar haya, ɗanta na manne da gefenta yana birgima. Abin da hoto bai taɓa gaya mini ba shi ne ƙarar numfashin, wani irin huci mai zurfi da ke iso ka har kan dutse. Umma ta yi ta tasbihi, can ta ce, "Irin wannan ne ya haɗiye Annabi Yunusa?" Na ce, "Allah ne masani, Umma."

Rana ta uku na shiga jirgi ni kaɗai, da safe tun kafin iska ta tashi. Na manta ban sha maganin jiri ba, kuma na cika ciki da shayi da burodi. Mun kusanci kifin ƙwarai, amma rabin lokacin kaina na sunkuye a gefen jirgi. Wanda ya taso a tudu irina, ya sha maganin tun kafin ya hau, ya ci kaɗan. A ganina ma kallon tudu ya fi, ba ko sisi, kuma ba mai ce maka lokaci ya yi.

Na sauko jiri na ɗibata, na tarar da Umma a kan bencinta na jiya da fulas ɗin shayi a gefe. Ta ce ita bakwai ta ƙirga, ni nawa na gani?