Kilishin da na kai Surat da kayan da suka makara

A tafiyata ta farko zuwa Surat, birnin masaƙu na jihar Gujarat a yammacin Indiya, domin sayo yadin da zan sayar a Kantin Kwari, na riƙe tsarabar da duk ɗan Kano zai yi alfahari da ita, wato kilishi. Mai masana'antar da na je sayen yadin dattijo ne, ɗansa yana zaune a gefensa da littafin lissafi. Da na miƙa masa ƙullin ya tambayi abin da ke ciki, na ce naman sa ne, sai ya janye hannunsa, ya yi mini godiya cikin sanyin murya, ya sa wani ma'aikaci ya fitar da shi daga ofishin. Mabiyin addinin Jain ne, kuma su ba sa cin nama ko kifi ko ƙwai, masu tsantseni a cikinsu har albasa da tafarnuwa da dankali suke gudu, saboda tono su daga ƙasa yana kashe ƙananan halittu. Da mabiyin addinin Hindu ne ma da ban tsira ba, domin saniya abar girmamawa ce a wurinsu. Har yau abin yana damuna, tun da tambaya ɗaya kafin na bar gida da ta ishe ni.

Ƙannena masu shirin shiga wannan harka, ku kai dabino ko alewa, kada ku kai nama, kuma ku yi hattara da jaka ko takalmin fata. Idan uba da ɗa suna zaune, ku fuskanci uban da magana ko da ɗan ne ya fi jin Turanci, ku ƙara "ji", kalmarsu ta girmamawa, a ƙarshen sunansa. Ku kuma koyi ƙidayarsu: lak ɗaya 100,000 ne, suna rubuta shi 1,00,000, kuror ɗaya kuwa miliyan 10 ne.

Kuskuren da ya ci mini kuɗi ya zo daga baya. Na tambayi dattijon ko kayana za su kammala a cikin wata guda, ya karkaɗa kai hagu da dama, ya ce zai yi ƙoƙari, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin alkawari har na karɓi kuɗin mutane a Kano. Karkaɗa kan nan sau da yawa yana nufin "na ji ka" ne kawai, kuma mutumin kirki a can yana jin nauyin ce wa baƙo a'a ƙiri-ƙiri, kamar yadda mu ma muke cewa "sai mun gani". Ban kuma lura cewa bikin Diwali, babban bikinsu na fitilu, wanda yake faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, ya gabato ba. A Gujarat ana shiga sabuwar shekara washegarin bikin, kasuwanni suna rufewa har zuwa ranar da suke kira Labh Pancham, wato rana ta biyar ta sabuwar shekarar, ma'aikatan da suka fito daga jihohin Odisha da Bihar kuma sukan tafi gida su daɗe kafin su dawo. Kayana sun makara, na yi ta bai wa abokan cinikina haƙuri.

Yanzu nakan tambayi takamaimiyar ranar da za a yi lodi, in aika masa da ita a rubuce, in jira amsarsa a rubuce, sannan in duba kalandarsu kafin in ɗauki alkawarin kowa a gida.