Hoboken, inda aka fara gano ma'adinin brucite

Daga Manhattan na shiga jirgin ƙasa na PATH, wanda ke bi ta ƙarƙashin kogin Hudson, na sauka a tashar Hoboken da ke jihar New Jersey. Daga nan na taka da ƙafa na nufi arewa, kogi na hannun dama, har gindin tudun Castle Point, wanda kwalejin fasaha ta Stevens ke bisa kansa. Dutsen wurin irin wanda ake kira safantin ne, kore mai duhu, duk ya tsattsage.

A cikin irin waɗannan tsagogi ne Archibald Bruce, likita kuma masanin ma'adinai na New York, ya samo wani farin ma'adini mai sheƙi, ya yi bayaninsa. Ya rasu a 1818, sai a 1824 Bafaranshe François Beudant ya raɗa wa ma'adinin suna brucite don tunawa da shi. Akwai ɗan ruɗani a nan: tun 1819 George Gibbs ya riga ya ba wani ma'adini daban, chondrodite, wannan sunan. Don haka tsohuwar takarda mai sunan brucite da ke manne da dutse ba hujja ba ce.

Sinadarin brucite Mg(OH)₂ ne, wanda ke cikin farin maganin ƙwannafin nan, Milk of Magnesia. Kusan kashi 42 cikin 100 na nauyinsa magnesiyam ne. Taurinsa 2.5 zuwa 3 a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, farce da ƙyar yake kartarsa, kuma ya ninka ruwa nauyi kusan sau 2.4. Yana ɓarewa fale-fale. Ka lanƙwasa falle ɗaya, sai ya tsaya a lanƙwashe. Maika kuwa, wani ma'adini mai ɓarewa haka, komawa take yi ta miƙe. Talk, wani ma'adini mai kama da shi, ya fi shi laushi da santsi, kuma asid mai rauni ba ya narkar da shi, alhali brucite narkewa yake yi shiru, ba kumfa, a cikin asid na haidrokulorik mai ƙarfin kashi 10.

A nan ake yawan kuskure. Fuskar da ta daɗe a waje, ruwan sama da iskar kabon sun mai da ita farin ɓawo kamar alli, wato hydromagnesite, shi kuma kumfa yake yi a cikin asid. Farin da na fi gani a jikin tudun irin wannan ɓawon ne. Sabuwar fuska ake gwadawa.

In aka gasa brucite zuwa wajen digiri 350 na Celsius, yakan saki ruwa, kusan kashi 31 na nauyinsa, shi ya sa ake zuba garinsa a robar wayar lantarki don hana gobara ci.

Ban sa guduma ba. Safantin yakan ƙunshi zaren asbestos, ƙurarsa kuma illa ce ga huhu. Tabaron ƙara girma mai ninki 10 ya isa a duba tsagogin, sannan na koma tasha ta bakin kogi.