Matar da ta so gurfanar da Epstein tun 2007

Duk lokacin da aka tayar da zancen Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka tuhuma da lalata da yara mata, sunayen manya ake ta jerowa. Ni kuwa Marie Villafaña nake tunawa, tsohuwar mai gabatar da ƙara ta gwamnatin tarayyar Amurka a kudancin jihar Florida.

A 2005 'yan sandan garin Palm Beach da ke Florida suka fara bincikensa, bayan iyayen wata yarinya 'yar shekara 14 sun kai koke. Da maganar ta koma hannun hukumar bincike ta tarayya, FBI, Villafaña ce ta riƙe ta. Ta saurari 'yan matan da ake bai wa 'yan ɗaruruwan daloli su je gidansa da sunan tausa, har ake ƙara wa wasu kuɗi in sun kawo ƙawayensu. A 2007 ta rubuta takardar tuhuma mai shafi 53. Ba a taɓa shigar da ita kotu ba.

Shugabanta, Alexander Acosta, ya sasanta da lauyoyin attajirin cewa gwamnatin tarayya ba za ta gurfanar da shi ba. Epstein ya amsa ƙananan laifuka a kotun jiha a 2008, ya yi kusan wata 13 a tsare, kuma ana barinsa ya tafi ofishinsa da rana. Wannan ɗauri ne ko hutu?

Ban wanke Villafaña tas ba, don da ita aka tsara yarjejeniyar, kuma ba a sanar da yaran ba sai da aikin gama ya gama. A 2019 alƙali Kenneth Marra ya ce ɓoyewar ta saɓa doka. A watan Yulin shekarar aka sake kama Epstein, Acosta kuma, wanda a lokacin ya riga ya zama ministan ƙwadago, ya ajiye muƙaminsa.