Abin da bargon ƙanjamau na Amurka ke koya wa mai son adana sunayen mamata

Duk wanda ya nazarci yadda ake haɗa bargon tunawa da mamatan ƙanjamau na Amurka zai gane cewa rabin aikin na tela ne da mai kula da sito. Wani ɗan gwagwarmaya mai suna Cleve Jones ne ya fara tunaninsa a Nuwamban 1985, a wani jerin gwano a San Francisco, inda mutane suka rubuta sunayen waɗanda cutar ta kashe a kwalaye suka manna a bangon wani ginin gwamnati. Ranar 11 ga Oktoban 1987 aka fara shimfiɗa shi a Washington da ƙyalle 1,920, kowanne an ɗinka shi don tunawa da mamaci. Yau ƙyallayen sun kai kimanin 50,000, nauyinsu kusan tan 54.

Awon kowane ƙyalle ƙafa 3 ne da ƙafa 6, daidai girman kabari. Da gangan aka yi haka, domin a shekarun farko mutane da yawa sun tafi ba jana'iza: wasu danginsu sun guje su, wasu kuma masu shirya gawa sun ƙi taɓa su. Awon yana da amfani a wajen ɗinki ma. Ƙyalle takwas ne ke cika gunduwa ɗaya mai ƙafa 12 ta kowace fuska, saboda haka ake roƙon mai ɗinki ya bar rarar inci biyu zuwa uku a kowane gefe don kalmasa. In ɗaya ya gaza, sai an ja shi kafin ya haɗu da maƙwabcinsa, wajen jan nan kuwa nan ɗinki ke fara ɓarkewa.

Babban abin da ke cin bargon shi ne ninki. Za a ninke shi, a ɗora a mota, a buɗe a kan ciyawa, a sake ninkewa, shekara da shekaru. Daga nan kusan duk ƙa'idojin suka fito. Yadi ya zama na auduga mai ɗan kauri wanda ba ya miƙewa, domin mai miƙewa yana saki ya bar sauran. Haruffa da kayan mamaci, ko hula ce, ko hannun riga, ko aljihun wandon aikinsa, a ɗinka su da zare. Gam yana bushewa ya saki, sai a buɗe bargo wata rana a tarar harafi biyu na sunan mutum sun zube. Fenti mai kumbura yana danƙo, in an ninke sai fuska ta manne da fuska. Gilashi da ƙyalƙyali masu kaifi suna yanka yadi, kuma ba na mai su kaɗai ba, har na mamacin da ke gefensa. Hoto kuwa, ko a buga shi a farin yadin auduga a ɗinka, ko a sa shi a leda mai kauri a ɗinka shi nesa da tsakiya, inda layin ninki ba ya bi. A yi shafi a baya don ya tare datti da danshin ƙasa.

Yana da wuya a ce wa uwa ta cire madubin ɗanta daga ƙyalle. Amma gara a faɗa mata tun kafin ta ɗinka, a nuna mata dalili, da a karɓa a bar shi ya yi ɓarna.

Bayan an haɗa takwas ɗin, ana zagaye gunduwar da kakkauran yadi, a buga zobban ƙarfe a gefe don ɗaurewa ko ratayewa, a ba ta lamba. Lambar nan ita ce komai. Tun Oktoban 1996 ba a sake shimfiɗa bargon gaba ɗaya ba, ya yi girma. Gunduwa-gunduwa yake yawo makarantu da majami'u, kuma in dangi suka nemi ganin nasu, da lamba ake zaro shi daga dubbai. Ana kuma roƙon mai ɗinki ya haɗo da wasiƙa a kan mamacin. A 2019 aka sanar cewa wasiƙun da hotunan za su koma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, bargon kuma ya bar Atlanta, inda yake ajiye a da, ya koma yankin San Francisco.

Maganar suna ta fi ɗinki nauyi. Akwai ƙyallaye masu ɗauke da sunan farko kaɗai, ko laƙabi, ko “ɗan'uwana”, saboda tsoron tsangwama, kuma a ganina daidai ne da aka karɓe su a haka. Tsoron ba na banza ba ne: a Disamban 1998 aka kashe Gugu Dlamini kusa da Durban a Afirka ta Kudu bayan ta bayyana a fili tana ɗauke da cutar, yau akwai dandali da sunanta a birnin. Wata matsalar kuma ita ce waɗanda ba a kawo ba sam. Cutar ta yi wa baƙaƙen fatar Amurka mummunar ɓarna, amma sunayensu sun yi ƙaranci a bargon, har sai da masu kula da shi suka riƙa kai kekunan ɗinki da yadi unguwanninsu, suna zama da iyalai ana ɗinkawa tare.