Gudun safe a tsaunin Mambila

'Yan uwa masu motsa jiki, duk wanda aiki ya kai Gembu, don Allah ya sassauta gudu a kwanakin farko. Tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, iskar oksijin da kake shaƙa ba ta kai ta Kano ba, dole zuciya ta ƙara sauri.

Ni da na saba gudun safe, ɗan hawa kaɗan sai ƙirjina ya kama dukan uku-uku. Na koma sassarfa, in magana ta gagare ni in tsaya, ga shan ruwa a kai a kai, har jiki ya saba.

Amma ciwon ƙirji, jiri, ko bugun da ya ƙi sauka bayan hutu, wannan sai asibiti, musamman ga mai hawan jini.