Rini da Tsabar Kuɗi

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina rini a Karofin Ƙofar Mata da ke Kano, inda mahaifina ya fara miƙa mini muciya tun ban kai ta tsawo ba. A wurinsa na koyi haɗa baba da toka da katsi (wato laƙar ƙasan marina da aka ƙona), a yi ta motsawa kwana da kwanaki har kumfa ta taso, sannan a gane marina ta nuna daga warinta kawai. Zanen da ya fito daga hannunmu sai an tsoma shi an ɗaga ya sha iska sau da yawa kafin shuɗin ya kama, shi ya sa ba ya koɗewa kamar na inji da ake shigo da shi ana kwaikwayon adonmu, ana karya mana farashi a Kantin Kwari.

Amma zane ɗaya hannu da yawa yake bi. Akwai manomin da ke kawo baba daga ƙauye, akwai matan da ke ƙulle adon da zare a cikin gidajensu, akwai masu bugu. Yawancinsu ba su da asusun banki, kuɗi a hannu suka sani.

Na ga muhimmancin wannan a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka ɓace, sababbin kuma ba su wadata ba. Kuɗina na banki, amma na wuni a layi na dawo hannu rabbana, mai POS kuma ya ce sai na ba shi naira dubu biyu kafin ya ba ni dubu goma. Wata dattijuwa da ke yi mini ƙulli ta aiko jikanta sau uku karɓar ladan aikinta na sati. Da na ce zan tura ta waya, yaron ya amsa: "Baba, ai Inna ba ta da waya, kuma garin tuwo za mu auna." Har yau ina jin nauyin wannan magana. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki, sannan muka fara numfasawa.

Ba na ƙin taransfa. Baƙin da ke saye daga Legas da Abuja da ita suke biyana, duk da an taɓa cuta ta da alat na bogi a kan zane shida. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da makullinsa ke hannun hukuma, irin eNaira, nairar cikin waya ta Babban Banki da aka ƙaddamar a Oktoban 2021, domin wanda ya iya tsayar da takardar kuɗi da sanarwa ɗaya, tsayar da na cikin waya zai fi masa sauƙi. Ban buɗe asusunsa ba. Duk ranar Alhamis nakan ware tsabar kuɗin masu ƙulli da masu bugu a aljihun riga, kafin in taɓa na kowa.